Da Wane Suna Zan Kira Shi

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

Yaya ya kira yau, alhali ba ranar kiransa ba ce. Ina tsaye a layin karɓar magani tare da Hajiyar Gusau mai ciwon gwiwa, ina fassara mata abin da likita ya ce a kan gishiri, tana yi mini musu kamar ni na hana ta. Da na ga wayarsa gabana ya faɗi, don shi mutumin Juma'a ne. Ran Juma'a ya kira, ya tambayi lafiya, ya ce a gaida Awadiyya da muke zama gida ɗaya, shi ke nan sai wata Juma'ar.

Ya ce ofishin jakadancin ƙasar Turawan da yake zaune sun turo masa saƙo. Takardar da ya shigar tun shekarun baya don a ba ni biza in bi shi can a matsayin matarsa, wadda ta kwanta tun bayan ganawar farko, za su rufe ta ƙarshen watan gobe in ba mu motsa ba. In suka rufe sai a faro daga tushe, kuma yanzu abin ya fi da wuya. Ya ce, "To, me kika gani?"

Wai me na gani. Shekara bakwai yana can ina nan Alƙahira, kusan biyar daga ciki ban sa shi a ido ba, yau ake tambayata abin da na gani a layin magani. Na ce a ci gaba. Hajiya ta tambaye ni wane ne, na ce maigidana ne. Ta ce ashe ina da aure.

Talata, 7 ga Oktoba, da safe

Na sauko da akwatin da takardunmu ke ciki daga saman sif. Ban buɗe ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan magariba

Na buɗe. Takardun suna sama, su kawai na ɗauka, ban ɗaga tawul ɗin da ke ƙarƙashinsu ba.

Na je Wustul Balad, tsakiyar gari, wajen Madam Nuha, wadda Yaya ya samo mana. Aikinta ke nan, shirya wa mutane takardun biza. Ofishin nata a hawa na biyar yake, lif ɗin kuma ya mutu tun ban san yaushe ba. 'Yar Masar ce mai jan gashi da tabarau a kan hanci, tana karatu tana tsaki. Ta karanta amsar da suka ba mu wancan karon, wadda Yaya ya ce mini kawai ƙarin shaida suke so. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ya Madam Rahma, ke kika ce musu mijinki yayanki ne?"

Sai na tuna. A ganawar farko, matar da ke bayan gilashi ta tambaye ni inda muka haɗu, na yi dariya na ce ai ba haɗuwa muka yi ba, buɗe ido na yi na gan shi, yayana ne, gida ɗaya muka tashi a Malumfashi. Tafintan da suka kawo, wanda Allah kaɗai ya san inda ya koyi Hausarsa, ya miƙa mata maganar yadda take. Ta duba fasfo ta ga ni Ɗantsoho, shi Ɗantsoho, sunan kakanmu. Me ya rage? Ta rubuta cewa ƙanwarsa yake son shigarwa da sunan aure.

Na yi wa Madam Nuha bayani: babansa wan babana ne. Ta buga tebur ta ce to me ya hana ni cewa ibn ammi, ɗan baffa, kalma biyu? Na ce mu ba ma cewa haka. Wanda ya goya ki a keke zuwa makaranta, ya zane ki don kin ɓatar da takalmi, ba ki tsayawa lissafin ɗan wan wane ne. Yaya ne kawai.

Ni da nake ci da fassara a asibitocin garin nan, ashe fassara ce ta ci ni.

Ta karɓi wayata ta duba saƙonninmu, don sai an haɗa da su a shaida. Ina kwana Yaya. Lafiya lau ƙanwata. Ya sanyi. Ya zafi. Ta yi ta ja da yatsa, shekara na bin shekara, ina fassara mata, duk abu ɗaya. Ta ce ita da wanta na ciki ɗaya sun fi haka ɗumi. Ta kafa mini doka: daga yau babu Yaya, ba a rubuce ba, ba a baki ba. In kira shi Mas'ud. Ta faɗi sunan sau uku kamar mai kiran ɗan aike, ni kuwa kunnena har zafi yake.

Asabar, 11 ga Oktoba, da hantsi

Awadiyya ta yi dariya har kwaɓin lallenta ya zube. Bahaushiyar Sudan ce, yaƙi ya koro ta daga Omdurman, da lallen amare take riƙe kanta. Ta zaunar da ni a kan tabarma ta ce in faɗa bayanta. Na buɗe baki, na rufe. Na kai har "Mas", sauran ya maƙale.

"Ke Rahamatu, suna ne fa, ba allura ba. Yalla, faɗi."

Na ce ba za ta gane ba. Ban taɓa faɗinsa ba tun ina yarinya don yana gaba da ni, da aka yi aure kuma kunya ta ƙaru a kan kunya. Ta ce kakarta ma har ta mutu ba ta faɗi sunan kakansu ba, amma uwarta ta sami dabara, Abu Amjad take cewa, wato Baban Amjad, kowa ya huta. Ta ce, "Ke ma sai ki ce Baban..." Sai ta tsaya. Ta tashi ta ɗora shayin da ba wanda ya nema.

Litinin, 13 ga Oktoba, bayan azahar

Madam Nuha ta yi masa magana shi ma. Da safe saƙo ya shigo: Barka da asuba, abar ƙaunata. Har da hoton fure.

Na san ba ni aka rubuta wa ba. Wata baturiya aka rubuta wa, mai zama bayan gilashi a ofishin jakadancin da ke Zamalek. Haushi ya kama ni, na kife wayar. A cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na sake dubawa. Na duba kuma a asibiti, Hajiya tana ɗakin hoto.

Na mayar masa: Barka dai. Babu suna, babu komai.

Laraba, 15 ga Oktoba, da yamma

Na gaji.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Ya kira. Muna magana kamar masu tafiya a ɗakin da aka shanya gero, kowa na ɗaga ƙafa. Ya fara "ƙanw", ya gyara ya ce Rahamatu. Ni kuwa duk maganar da ke bukatar in kira shi sai in kewaye ta. Hira ba ta yi tsawo ba.

Daga baya na kira Inna, mahaifiyarsa, don a sa dattawan gida su rubuta shaidar cewa an ɗaura aure da waliyyai da sadaki. Ta ce ikon Allah, auren da duk unguwa ta ci shinkafarsa shi ake nema wa shaida. Ta ce, "Yayanki ya ce kin rame a murya." Ita ma ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Mutum ɗaya, mata biyu a rayuwarsa, ba mai kiran sunansa. Wataƙila shi ya sa ya zauna can, inda kowa ke kiransa kai tsaye.

Wannan maganar ta ƙarshe mugunta ce. Zan bar ta dai a rubuce.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan magariba

Na kai wa Madam Nuha hotunan biki. Ta baza su a tebur: maza cikin fararen riguna a ƙofar masallaci, ana raba goro. Ta ce ina amarya? Na ce tana gida. Ta ɗauki wani, mata cike da tsakar gida, ga wata a lulluɓe ba a ganin ko yatsanta. Na ce ni ce. Ta ce ina ango? Na ce yana waje. Ta cire tabarau ta murza idanu, ta ce mu mutanen kirki ne amma ba ma taimakon kanmu.

Hoto ɗaya ne ya gamsar da ita, na cikin jirgin ruwa a kan Nilu, zuwan da ya yi na ƙarshe. Yana dariya, ni ina riƙe da ƙarfen jirgin. Zuciyata ce ke tashi a ranar, na ce masa jirgin ne.

Tana haɗa takardun ta ce, ba tare da ta dube ni ba, da akwai yara da magana ta ƙare, don ba mai musu da yaro. Ta ce ma'alish, ba komai, Allah zai kawo.

Na ce amin. Na sauko hawa biyar ɗin nan ban san na sauko ba.

Laraba, 22 ga Oktoba

Ban fita ba. Na ce wa Hajiya kaina ke ciwo, ta tura mini addu'a da sunan wani magani.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da hantsi

An ba mu ranar ganawa, goma ga watan gobe. Madam Nuha ta ce mun yi sa'a, wasu sai su shekara suna jira. Kowa sai ya ce mini na yi sa'a.

Na sami wurin gwaji. In metro ya shiga ƙarƙashin ƙasa yana ƙara, sai in faɗi sunan a cikin hijabi, ba mai ji, ni ma ba na ji. A haka yana fita. Da jirgin ya tsaya sai ya koma ciki.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan la'asar

Madam Nuha ta tura masa tambayoyin da aka saba yi, ta ce mu gwada, shi ya zama jami'i. Ya kira kafin ya fita aiki, can safiya ce. Har da gyaran murya.

Wane abinci mijinki ya fi so? Na ce ɗanwake. Ya ce ai ya daina ci, cikinsa ba ya ɗauka. A ina yake aiki? Na faɗi kamfanin da yake ja wa motar kaya, ya ce ya bar su tun bara, ya ɗauka ya gaya mini. Da na karɓi tambayar na ce shi ya faɗi unguwarmu, sai ya faɗi tsohon gidan, bai san sunan titinmu na Hadayek el-Maadi ba. Muka yi dariya, ta gaske, irin wadda muka daɗe ba mu yi ba. Na ce a haka ko ni ce baturiyar ba zan ba mu ba.

Ya ci gaba da karantowa, sai na ji ya tsaya.

"Akwai wata tambaya a nan," ya ce.

"Na san ta."

"Mu tsallake ta."

"Ai ka saba."

Ban san maganar za ta fito ba sai da ta fito. Ni na kashe wayar.

Juma'a, 31 ga Oktoba, bayan isha'i

Bai kira ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da safe

Ba fure, ba abar ƙaunata. Na ɗauka zan ji daɗi.

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan azahar

Ba zan rubuta zancen watan Rajab ɗin nan ba. Ban rubuta a lokacin ba, ba yanzu zan fara ba. Abin da na sani shi ne ya ce ba zai iya fitowa ba, in ya fito a daidai lokacin takardun zamansa za su lalace, duk wahalar da aka sha ta tashi a banza. Na ce na gane. Kuma na gane ɗin. 'Yan ƙungiyar ɗaliban ƙasarmu ne suka tsaya, su suka yi komai, su suka ɗauka suka tafi, ni ina zaune a kan benci a asibiti da tawul a hannu. Bayan haka ya ce in yi haƙuri, na ce ya yi haƙuri. Muka rufe bakinmu, muka bar takardar ofishin jakadanci ta kwanta, ba wanda ya ce wa wani me ya sa.

Ga shi na ce ba zan rubuta ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba, bayan magariba

Na ce wa Awadiyya ina tunanin kada in je. Su rufe abinsu. Ina da aikina, ina da ɗakina, na san motar da ke zuwa ko'ina a garin nan. In je can in zauna da mutumin da ban san abin da yake ci ba? Ta ci gaba da zana wa kanta lalle a tafin hannu. Can ta ce ita an raba ta da gidanta ba a tambaye ta ba, saboda haka ba ta iya ba da shawara a kan tafiya. Amma in bari a yi mini sakin da ba wanda ya furta, wai ofishi ne ya rufe fayil, wannan ragwanci ne. In za a rabu a rabu da baki.

Na ji haushinta ƙwarai. Na ci abincin da ta dafa ban ce ya yi daɗi ba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, da yamma

Juma'ar farkon wata, na je inda nake zuwa, can bayan gari. Na zuba ruwa, na cire ciyawa. In na tafi wa zai riƙa zuwa?

Ina hanyar dawowa saƙonsa ya shigo. Ba fure. Ya rubuta: Allah ya ba da sa'a ran Litinin, duk abin da kika ce musu daidai ne.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Na goge hijabi. Na gaji tun ban je ba.

Litinin, 10 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na ɗauki tasi zuwa Zamalek don kada in isa a yamutse. An karɓe wayoyi a ƙofa. Muka zauna a jere a ɗaki mai sanyi, kowa rungume da takardunsa. Da aka kira ni na tarar ba waccan matar ba ce, wata ce mai furfura. Tafintan ma wani ne, dattijo, daga jin Hausarsa mutumin Damagaram ne. Ya gaishe ni da kyau, ya ce in kwantar da hankali, 'yata.

Ta tambayi sunana da ranar aure, na faɗa. Ta duba hoton jirgin ruwa. Sannan ta haɗa hannuwa ta yi magana a hankali, dattijon ya juyo mini: wancan karon kin ce wanda ya nema miki bizar nan wanki ne. Yau muna so ki gaya mana da bakinki, wane ne shi a wurinki, kuma me kike kiransa?

Duk gwajin metro ya gudu. Yaya an hana ni. Sunan kuma ya zo har maƙogwaro ya tsaya inda ya saba tsayawa. Tana kallona, dattijon yana kallona. Na ji bakina ya ce:

"Baban Huda ne."

Ya fassara. Ta duba takardun gabanta ta ce ba ta ga Huda a ciki ba, wace ce?

Na ce 'yarmu ce. Na ce ta zo kafin lokacinta, ba ta cika wata biyu ba, ba ta taɓa fita daga asibiti ba. Shi ya zaɓa mata suna ta waya. Bai taɓa ɗaukarta ba. Ina faɗa dattijon yana juyawa, muryarsa na raguwa, har sai da matar ta matso da kunnenta jikin gilashi. Abin da na kasa gaya wa mijina shekara huɗu, na gaya wa baƙuwa ta ramin gilashi, a tsaye, da lamba a hannuna. Ban yi kuka ba. Kunya na ji, da wata irin gajiya har cikin ƙashi.

Daga baya ne aka zo zancen wan baba da ƙanin baba, dattijon ya yi mata bayanin da ya fi nawa tsawo, har yana zana gida da yatsa a kan katako. Ta ce in kawo takardun asibiti cikin makon nan. Ba ta ce an ba ni ba, ba ta ce an hana ni ba. Fayil dai ba za a rufe ba.

Da na karɓi wayata na tsaya a gindin wata bishiya a bakin titi na kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka, ina jin ƙarar mota. Ya ce, "Rahamatu, yaya aka yi?"

Na ce, "Baban Huda."

Na ji ƙarar motar tana raguwa har ta mutu, ya tsaya a gefen hanya ke nan. Masu tasi suna yi mini hon ina girgiza kai. Da ya yi magana ban gane muryar ba. Ya ce hoton nan guda da na tura masa duk robobi ne a fuskarta, ya yi ta dubawa bai iya gani ba, kuma ya kasa tambayata.

"Da wa ta yi kama?"

Na ce hancin gidan Ɗantsoho ne da ita, ba yadda za a yi a ce nawa ne ko nasa. Ya fara dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Na bar shi ya yi, ban ce ya yi haƙuri ba.

Can ya ce ko sun ba da bizar ko ba su ba da ba, zai zo kafin komai, in kai shi kabarinta. Ya sha cewa zai zo. Ban ce na yarda ba, ban kuma ce ban yarda ba.

Na ce, "Ka zo tukuna, Baban Huda. Tana nan, ba inda za ta."